Fosfaras a ruwan dattin masana'anta: kurakuran da ake ta maimaitawa a Legas

Duk wanda ya taɓa sayen takin kamfa ya san haruffa ukun da ke jikin buhu: N, P, K. Na tsakiyan shi ne fosfaras, kuma shi ne ƙarfin takin sufa. A gona da kuɗi ake sayensa, kuma tun yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 daga can ake shigo da shi don kamfanonin haɗa taki. A Legas kuwa shi muke korawa lambatu kullum safiya: daga gidan wanki da guga, daga mayanka, daga kicin ɗin otel, daga kamfanin yogot da na lemon kwalba, daga wurin fentin ƙarfe. Idan ya isa ruwa, aikinsa na gona yake ci gaba da yi, wato ciyar da tsiro. Gansakuka ta yi yawa, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita. Ciyawar nan mai kama da kainuwa, wadda ta fara ɓulla ta wajen Badagiri a 1984, da shi da naitirojin take ƙiba. Wanda ya ga jirgin fasinja ya maƙale a cikinta a tashar Ikorodu a ƙarshen damina ba sai an yi masa dogon bayani ba.

'Yan'uwanmu da yawa a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago suna cikin waɗannan sana'o'i, wasu masu wurin ne, wasu su ne ke riƙe da tiyo. Takardar hukuma ba ta bambanta babban kamfanin Ikeja da ƙaramin gidan wanki. Akwai LASEPA mai kula da muhalli a jihar tun 1996, akwai LSWMO mai kula da ruwan datti, a sama kuma ga NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idoji na musamman a 2009 ga masu sarrafa abinci da abin sha, da masu sabulu da sinadarai, da masaƙu da majemu.

“Ai matatar ruwa ya tafi, can za su tace”

Wannan shi ne kuskuren da ke haifar da sauran. Galibin Legas ba ta da babban bututun ƙasa da ke tattara ruwan datti, don haka mai sana'a yakan tara nasa a tanki ko sokawe, ya kira tanka ta kwashe, shi ke nan ya ɗauka ya sauke nauyi. Matatun jiha irin na Abesan, Oke-Afa, Iponri da Alausa don ruwan gidaje da ofisoshi aka gina su. Irin wannan matata da ƙwayoyin bakteriya take aiki: suna cinye dattin da ke ruɓewa, amma fosfaras kaɗan suke ɗiba, gwargwadon abin da za su gina jikinsu. A matata ta yau da kullum abin bai cika wuce kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ba. Sauran yadda ya shiga haka yake fita. Ruwan gida yakan ɗauki milligiram 4 zuwa 12 a lita, na kamfanin madara ko mayanka kuwa yana iya ninka haka sau da yawa. Ka ga kenan tanka ɗaya daga wurinka tana iya kai wa matata abin da layin gidaje guda bai kai mata ba.

Gyaran mai sauƙi ne amma ba a son yi: ka je wurin da ke karɓar ruwanka ka nemi su rubuta maka iyakar abin da za su karɓa. Da wannan lambar za ka yi aiki, ba da ji-ta-ji-ta ba.

Sayen magani kafin a san inda ciwo yake

Da takardar gargaɗi ta iso, abin da yawancin masu wuri ke yi shi ne kiran mai sayar da sinadari. Shi kuwa me zai ce? Zai kawo durom, ya kawo famfo, ya rubuta rasit. A nan ake barin jaki ana dukan taiki, domin sau da yawa abin da ke ɗaga lambar yana cikin sito, a jarka, da kuɗinka ka saye shi.

Kafin a kashe ko sisi, a ɗauki biro da takarda a zagaya. Duk abin da ake zubawa a ruwa a rubuta shi: sabulun wanki, na wanke bututu, na goge ƙasa, maganin tukunyar tururi, na ruwan sanyaya inji, abin da ake jiƙa nama ko kifi a ciki. A karɓi takardar bayanin kowanne daga dillali, haƙƙinka ne. Inda ka ga STPP ko TSP, ko wani suna mai ɗauke da “phos”, ka sa masa alama. Garin sabulu na masana'anta ya fi kowa laifi, domin ana sa masa fosfet ne, wato gishirin fosfaras, ya tausasa ruwa mai gauri. Tarayyar Turai ta taƙaita fosfaras a sabulun wankin gida zuwa rabin giram a kowane wanki tun tsakiyar 2013, na injin wanke kwanoni ma ta sa masa tasa iyakar tun 2017, amma dokar ba ta hau kan sabulun masana'antu ba. Saboda haka kada wani ya ce maka “ai ɗan waje ne” ka saki jiki. Ɗan wajen ma a duba shi.

Kowace sana'a da inda nata yake ɓuya. Masu yogot da lemo da asid ɗin fosforik suke wanke bututu da tankuna, masu lemon kola kuma a cikin lemon kansa yake. Masu tace man gyaɗa ko na waken suya da wannan asid ɗin suke fitar da danƙon mai, shi kansa danƙon fosfaras ne. Masu fentin ƙarfe sukan tsoma kaya a ruwan fosfet kafin fenti don ya kama. Tukunyar tururi tana zubar da ruwanta lokaci-lokaci, a ciki akwai fosfet ɗin da aka sa don hana ɓawo. Idan ka gano bututu ɗaya ko biyu da ke kawo mafi yawa, ka raba su da sauran. Tace lita dubu mai kauri ya fi araha nesa ba kusa ba a kan tace lita dubu ashirin da aka gauraya.

Sai dai a yi hattara wajen canji, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wanda ya bar asid ɗin fosforik ya koma na naitirik ya rage fosfaras ya ƙara naitirojin. Wanda ya koma soda zalla ya ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ruwa, kuma ita ma ana aunawa, tsakanin 6 da 9 ake so. Akwai sabulu mai ziyolait, wani ma'adini mai tausasa ruwa, ko mai tsamin lemo, akwai ruwan zakoniyam da ke maye gurbin fosfet a wurin fenti, amma a gwada a ƙaramin aiki tukuna a ga ko wankin na fita. Maganin tukunyar tururi kuwa kada kowa ya taɓa shi sai wanda ya san aikin. Tukunya ba wurin gwaji ba ce.

Tiyo kafin tsintsiya

Ka tsaya a wata mayanka da hantsi, bayan an gama fiɗa. Jini ya daskare a kan siminti, ga tulin abin cikin tumbi, ga guntayen kitse da ƙashi, can gefe ga tokar inda aka babbake ƙafa da kai. Yaro ya jawo tiyo, ya danne bakinsa da babban yatsa don ruwan ya yi ƙarfi, ya bi tulin nan yana korawa har sai ya narke ya bi magudana. Cikin ɗan lokaci wuri ya yi fes, maigida ya ce madalla. Amma duk abin da ke cikin tulin ya koma ruwa, kuma abin da shebur zai kwashe kyauta yanzu sai an sayi sinadari kafin a raba shi da ruwan.

Na ce wa wani dattijon mahauci, “Baba, wannan da kuke korawa ai kuɗi ne.” Ya ce, “Ɗana, mun sani, wa zai tsaya kwasa?” Gaskiyarsa, domin matsalar ta rabon aiki ce: ba a ɗora wa kowa kwasar ba, an dai ɗora wa yaro wankewa. Jini idan aka tare shi a mazubi tun wurin yanka ana dafawa a busar a sayar wa masu haɗa abincin kaji. Abin cikin tumbi da kashin shanu taki ne da masu lambu ke nema. Ƙashi cike yake da fosfet, tokarsa kuwa kusan fosfet ce tsantsa. A kwashe a bushe, a share, a sa rariyar ƙarfe a bakin magudana, sannan a kawo ruwa. A sa wa tiyon kai mai rufe kansa idan an saki.

A kamfanin yogot da wurin masu fura da nono na zamani lissafin ya fi fitowa fili. Litar madara ɗaya tana ɗauke da fosfaras kimanin milligiram 900. Idan ta zube, sai an haɗa ta da ruwa fiye da lita 500, kusan durom uku, kafin ta sauko zuwa iyakar da ƙa'idar tarayya ta 1991 ta sa wa ruwan da ake saki a rafi, wato milligiram 5 na fosfet a lita, domin a ma'aunin fosfet 900 ɗin nan ninkawa take kamar sau uku. Lita ɗaya kenan. To ina ga yogot ɗin da ya lalace aka dawo da shi daga kasuwa, aka farke ledoji aka tuttular a lambatu? Irin wannan ba na magudana ba ne, a ba masu kiwo. Ɗaurayar farko ta tanki ma a tare ta daban, ita ce mai kauri. A kicin ɗin otel kuma a kankare faranti a bokiti kafin a kai wurin wanki, a riƙa kwashe tarkon maiƙo a kan lokaci, ba sai ya yi wari ba.

Wannan lissafin na madara yana jawo wani kuskuren, wato sirki. Wasu idan sun ji jami'ai na tafe sai su buɗe ruwan burtsatse a kan na dattin don lambar ta sauka. Lita dubu 20 mai milligiram 30 a kowace lita giram 600 ne na fosfaras. Ka ninka ruwan, lambar ta koma 15, amma giram 600 ɗin suna nan, ga kuɗin dizal na famfo, ga ƙarin sawun tanka. Jami'in da ya san aikinsa mitar ruwa zai duba.

Takardar ɗakin gwaji

Nan ake tafka kuskuren da ba a gani. Ɗakunan gwaji iri biyu suke rubuta sakamako: wani ya rubuta da P, wato fosfaras, wani da PO4, wato fosfet. Ba ɗaya ba ne. Ana ninka P sau 3.06 a sami PO4. Wanda aka rubuta masa 4 da P ya duba ya ga bai kai 5 ba ya yi hamdala, alhali da ma'aunin fosfet ya haura 12. Iyakar nan ta 5 idan aka mayar da ita P kimanin 1.6 ce kawai. Ka tambayi mai gwajin da wanne ya rubuta, ka tambayi hukuma da wanne take nufi.

Na biyu, ƙaramin akwatin gwajin da ake ɗiga magani ruwa ya yi shuɗi nau'i ɗaya kawai yake gani, wanda ya riga ya narke ya warware. Fosfet ɗin sabulu mai sarƙa da wanda ke ɗaure cikin jini, kitse da madara ba ya ganinsu sai an dafa samfurin da asid. Don haka akwatin na iya nuna maka ƙaramar lamba, ɗakin gwajin hukuma ya fito da babba, ka ce an zalunce ka. Jimillar fosfaras za ka nema. Akwatin yana da amfani wajen sa ido na kullum, amma ba shi ne alƙali ba. Ido ma ba alƙali ba ne: ruwa na iya yin garau kamar na sha alhali cike yake da shi, domin ba shi da launi ba shi da wari.

Sai ɗibar samfurin kanta. Kwalba ɗaya da aka cika da azahar, lokacin da ba a wanke komai, ba ta faɗin gaskiyar wuri. A ɗiba kaɗan-kaɗan duk awa, tun daga buɗewa har wankin tashi, a haɗa. Kwalbar kada a wanke ta da omo, don sau da yawa abin da ake nema yana cikinsa. A sa ta cikin ƙanƙara a kai da wuri, kar ta yini a but ɗin mota cikin cunkoson Oshodi.

Alif da hannu

Idan an rage abin da za a iya ragewa daga tushe kuma lambar ba ta sauko ba, to yanzu ne lokacin sinadari. Uku aka fi amfani da su: alif ɗin da muka sani na kwantar da ruwa, da ruwan ƙarfe mai launin tsatsa da ake kira ferik kuloraid, da farar ƙasa. Dukansu aiki ɗaya suke yi, su kama fosfet ɗin da ya narke su mayar da shi gari ya kwanta a ƙasa.

Abin da ake yawan gani shi ne ma'aikaci ya ɗebi alif da kwano ya watsa a tanki ya juya baya. A lissafi, giram ɗaya na fosfaras yana cin alif kusan giram 10, a aikace kuma sai an ninka haka sau ɗaya da rabi zuwa biyu, domin alif ɗin na kama wasu abubuwan. Giram 600 ɗin da muka yi misali da su za su ci kilo 9 zuwa 12 a kullum. Wanda ya rage rabin fosfaras ɗinsa da shebur da canjin sabulu ya rage rabin wannan cefanen har abada, shi ya sa nake ganin wauta ce a fara ta nan.

Alif yana aiki sosai ne idan pH na wajen 6 zuwa 7. Ruwan gidan wanki da na wanke kwalba yakan haura 10, a nan ko buhu ka juye asara ce sai an sauko da shi. Shi ma alif ɗin yana ƙara wa ruwa tsami, idan aka zarce sai pH ya faɗi ƙasa da 6 a shiga wani laifin. Farar ƙasa akasin haka take, sai pH ya wuce 10 take kamawa, ga laka mai yawa, kuma dole a sauko da ruwan kafin a sake shi. Ferik yana cin ƙarfe, yana ƙona fata, yana ɓata duk abin da ya taɓa: tankin roba, safar hannu da tabarau ba ado ba ne.

Gwajin da ke raba gardama ba ya buƙatar inji. A jera kwalabe shida masu faɗin baki, a zuba lita ɗaya ta ruwan dattin a kowacce. Ta farko a bar ta haka, sauran a sa musu narkakken alif da sirinji, kowacce ta fi ta gabanta. A kaɗa da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali kamar minti 15, sai a ƙyale su rabin awa. Za ka ga wata ta tsaya dususu, wata ta yi gudaji kamar kindirmo ya tsinke, gudajin na sauka saman na washewa. A ɗebi na saman a auna fosfaras da pH. Mafi ƙarancin alif da ya kai ka lambar da ake so shi ne ma'auninka, ba kwalbar da ta fi haske ba. Tankinka ma haka yake so: wurin kaɗawa da ƙarfi, wurin juyawa a hankali, wurin kwanciya. Idan aka canza sabulu ko kayan da ake sarrafawa, a sake gwajin. A kuma tuna cewa fosfet mai sarƙa da na maganin sanyaya inji ba sa kamuwa da alif yadda warwararre ke kamuwa, don haka idan ana ta ƙara alif lamba ta ƙi motsi, a koma sito a bincika.

Lakar da aka manta da ita

Fosfaras bai ɓace don ya kwanta ba, yana nan cikin laka. Lakar da aka bari ta yi makonni a gindin tanki ba iska takan fara ruɓa ta sake shi cikin ruwa. Wannan ya fi tsanani ga masu matatar bakteriya ta kansu: an ɗauke wuta, an ce janareto na injin sarrafa kaya ne kawai, injin hura iska ya kwana a kashe, da safe bakteriyar ta amayar da abin da ta haɗiya. Injin hura iska ya shiga layin janareto, ba alfarma ba ce. Ruwan sama ma ɓarna yake yi. A watan Yuni, idan ruwan rufi da na tsakar fili na faɗawa tankin kwantarwa, mamako ɗaya ya isa ya ɗaga lakar wata guda ya fitar da ita waje. A raba hanyar ruwan sama da ta ruwan datti.

Lakar a riƙa janye ta a kan tsari, a shanya a kan gadon yashi mai rufi, ruwan da ya tsiyaye a mayar da shi farkon layi. Ta mayanka da ta abinci tana iya zama taki, ko da yake wadda alif ya kama ba ta sakin fosfaras ga shuka da sauri. Ta wurin fentin ƙarfe kuwa akwai zinki da nikel a ciki, kada ta kusanci lambun kowa.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Bakteriyar matata tana buƙatar fosfaras kaɗan, kimanin kashi 1 ga kowane kashi 100 na dattin da take ci, da kashi 5 na naitirojin. Ruwan kamfanin lemon zaƙi ko na alewa yakan zo da sukari mai yawa da fosfaras kaɗan. Idan aka sa alif a gaban tankin bakteriya aka kwashe ɗan abin da ke akwai, lakar sai ta kumbura ta ƙi kwanciya. A irin wannan wuri bayan tankin ake sa sinadari, ba gabansa ba.

Direban tanka shi ne na ƙarshe a layin, kuma shi aka fi sakaci da shi. Mai arahar da ya zo da dare ba ka san inda zai juye ba, kuma idan aka kama shi a bakin rafi za a tambaye shi daga ina ya ɗebo. Ka yi hulɗa da wanda ke da rajista da LSWMO, ka riƙe rabin kuɗinsa sai ya kawo shaidar wurin da ya sauke. Takardar ka haɗa ta a fayil ɗaya da sakamakon gwaji, da karatun mita, da adadin alif ɗin da aka sa kowace rana, domin su jami'i zai fara nema idan ya shigo.